Yadda ake yanka bututun roba ba tare da an lalata bakinsa ba

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina haɗa matatar ruwan sha da siririn tiyo na roba, sannan ina da aikin bututun PVC da zai kai ruwa tanki. Idan na yanka tiyon da almakashi sai bakinsa ya lotse, in na tura shi cikin mahaɗi ya riƙa ɗiga. Shi kuma PVC ɗin da na yanka da zarto, bakinsa ya karkace, ya yi kaushi, wani ma ya tsage. Da me ya kamata in yanka, kuma yaya zan yi in samu baki mai kyau?"

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka yi daidai da ka tuhumi wurin yankan kafin ka ɗora wa mahaɗin laifi. Na daɗe ina kwance haɗin da yake yoyo, kuma abin da na fi gani idan na zare bututun na duba shi a haske shi ne, ɓarnar ta faro ne tun lokacin da aka yanka shi, mahaɗin kuwa lafiyarsa lau. A tsawon bututu gaba ɗaya, 'yan santimita na ƙarshe su ne kaɗai suke shiga mahaɗi, kuma a kansu nauyin tare ruwa ko iska yake. Idan wannan ɗan yanki ya fita a miƙe, ya riƙe siffarsa ta da'ira, babu gezar roba a bakinsa, babu kuma karce a jikinsa, to haɗin zai yi shekaru bai ba ka wahala ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, komai ingancin mahaɗin da ka sa sai ya zubar.

Abu na farko da zan roƙe ka shi ne, ka daina ɗaukar duk abin da ake kira roba a matsayin abu guda. Tiyon matatar ruwa yawanci na polietilin ne, yana da laushi, yana lanƙwasuwa, kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne matsi. Bututun PVC kuwa mai tauri ne, ba ya lotsewa da sauƙi, amma yana darewa idan aka takura shi, yana kuma narkewa idan abin yankan ya ɗauki zafi. Ke nan aiki biyu ne daban a gabanka, kuma kayan da zai yanka ɗaya sumul shi ne zai iya lalata ɗayan.

Bari mu fara da tiyon, domin a nan ne almakashi ya cuce ka. Almakashi baki biyu gare shi, kuma kafin su fara yanka sai sun matse abin da ke tsakaninsu. Takarda ko ƙyalle ba su da abin da za su rasa a wannan matsi, amma tiyo rami ne a cikinsa, saboda haka sai ya baje, bangonsa na sama ya haɗu da na ƙasa, sannan kaifin ya ratsa su a tare. Da zarar an saki, bakin yakan yi ƙoƙarin komawa yadda yake, amma ba ya komawa duka: sai ya zama kamar ƙwai, da 'yan kusurwoyi biyu a inda ya ninke, fuskar yankan kuma ta yi tudu da kwari. Tiyon silikon da na poliyuretan suna da ɗan afuwa, domin suna farfaɗowa bayan matsi, amma polietilin da nailan da PTFE, wato Teflon, suna riƙe lotsawar da aka yi musu. Filaya mai yanka waya ta fi almakashi ɓarna, don ita tsinke tiyon take yi da ƙarfin matsi kawai.

Idan ka san abin da ke cikin mahaɗin da kake tura tiyon, za ka ga dalilin da ya sa wannan 'yar lotsawa take zama yoyo. Irin mahaɗin nan da ake turawa kawai ya kama, wanda John Guest na Ingila ya fito da shi a 1974 domin bututun iska kafin daga baya ya shiga aikin ruwa, abubuwa uku ne a jere a cikinsa. Da farko akwai zobe mai ƙananan haƙoran ƙarfe da ke cije tiyon don kada ya zame, a bayansa akwai zoben roba mai laushi da ke rungume jikin tiyon ta waje, can ciki kuma akwai ɗan dakali da bakin tiyon yake tsayawa a kai. Zoben roban nan shi kaɗai ne yake tare ruwa, kuma an yi shi ne don ya rungumi da'ira. Idan aka kawo masa baki mai siffar ƙwai, sai ya matse sosai a ɓangare biyu, ya yi sako-sako a sauran biyun. Idan bakin yana da tsini saboda an yanka shi a karkace, tsinin yakan yage zoben ko ya ture shi daga mazauninsa a lokacin shiga. Karkata ta digiri 15 a tiyo mai faɗin milimita 6 tana sa gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da kimanin milimita 1.6, wanda ke nufin dogon gefen zai taɓa dakalin ya tsaya alhali gajeren bai wuce zoben roban yadda ya kamata ba. Abin da ya fi waɗannan duka ɓoyuwa shi ne karce a tsaye a jikin tiyon, irin wanda yake samu idan aka ja shi a kan siminti ko aka riƙe shi da filaya. Karce siriri kamar gashi ya isa ya zama magudanar da ruwa zai bi ta ƙarƙashin zoben, ɗigo bayan ɗigo.

Kayan aikin da aka yi domin wannan yanka ƙaramin abu ne da ke shiga tafin hannu, yana da makwanci mai kwari da tiyon yake zama a ciki, da wuƙa guda ɗaya siririya mai tsini a tsakiya da ke saukowa a kansa. Hikimarsa a wuri biyu take. Makwancin yana tallafe tiyon ta gefe biyu, yana kuma riƙe shi daidai da wuƙar don kada ya karkace, tsinin wuƙar kuma yana huda bangon a wuri ɗaya kafin sauran kaifin ya bi, don haka matsin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Ka kwantar da tiyon har ya zauna sosai a kwarin, ka riƙe shi kusa da wurin yankan, sannan ka danna sau ɗaya ba tare da tsayawa a tsakiya ba. Tsayawa a tsakiya yana barin ɗan mataki a fuskar yankan.

Idan ba ka da shi, sabuwar reza ko sabon bakin wuƙar yanka kwali zai yi maka aikin, da sharaɗin ka samar wa tiyon abin da zai tallafe shi. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce, ka samu guntun katako mai fuska a miƙe, ka huda shi da rami daidai kaurin tiyon, ka zura tiyon har abin da kake son cirewa ya leƙo ta ɗaya gefen, sannan ka kwantar da rezar a jikin katakon ka zare ta a kan tiyon kamar mai yanka da wuƙa, kana ja kana dannawa a hankali. Ramin yana hana tiyon bajewa, fuskar katakon kuma tana yi wa rezar jagora. Ga tiyo mai faɗi kuma mai laushi sosai, kamar na silikon ko na PVC mai laushi da ake gani ta cikinsa, sai ka zura sanda mai santsi daidai ramin, ka ɗora rezar a kan layi, ka riƙa mirgina tiyon a ƙarƙashinta har ta zagaye. Kada ka ja tiyo ya miƙe da ƙarfi lokacin yanka, domin roba da aka ja ta sirance, idan ta koma sai fuskar yankan ta lotsa ciki. Tiyon da aka warware daga naɗi kuma yana zuwa da lanƙwasa a jikinsa, sai ka miƙar da ɗan yankin da hannu tukuna, in ba haka ba wuƙa za ta sauka a miƙe amma yankan ya fita a karkace. Idan rezar tana kamewa a jikin roba mai danƙo, ka jiƙa ta da ruwa. Kada ka shafa mata man inji ko gris, domin zoben da ke cikin mahaɗan ruwa yawanci na robar EPDM ne, kuma man fetur da danginsa suna kumbura ta, ga shi kuma ruwan sha ne zai bi ta wurin.

Kaifi shi ne rabin aikin, kuma a nan mutane suke yin ganganci. Bakin wuƙar da ya dakushe ba ya nuna alama a ido, a hannu ake jin sa: duk lokacin da ka ga sai ka ƙara ƙarfi kafin ya shiga, to ya fara matsewa maimakon yanka, sai a canza shi.

Akwai abu biyu da nake so ka duba kafin ka yanke hukunci a kan yoyon matatarka. Na ɗaya, tiyon matatar ruwa mafi yawa na rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, kuma akwai wani tiyon na milimita 6 cif da ido ba ya bambanta su. Idan aka sa na milimita 6 a mahaɗin rubu'in inci zai shiga, zai ma yi kamar ya kama, amma zai zubar komai kyawun yankan. Na biyu, mutane da yawa suna tsayawa da turawa da zarar sun ji tiyon ya yi tauri, alhali wannan taurin na farko zoben roba ne kawai ya tare shi, sai an ƙara turawa ya wuce zoben ya kai dakali. Ka auna zurfin mahaɗin, ka sa alama a jikin tiyon, ka tura har alamar ta iso bakin mahaɗin, sannan ka ɗan ja shi baya don haƙoran su cije. Duk tiyon da aka taɓa sa wa mahaɗi aka zare, haƙoran sun riga sun bar masa sawu, don haka sai an yanke wannan yankin kafin a mayar da shi.

Tiyon PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, ya cancanci a ambace shi shi kaɗai, saboda shi ne mafi riƙon lotsawa a cikinsu, ga santsi da ke sa wuƙa ta zame. Masu injin ɗab'i mai fitar da siffa, wato 3D printer, sun san wannan sarai: tiyon da ke kai zaren roba mai kaurin milimita 1.75 zuwa bakin injin yana da faɗin milimita 4 a waje da 2 a ciki, kuma idan bakinsa bai zauna daram a kan bakin injin ba, narkakkiyar roba tana taruwa a ɗan giɓin da ya rage ta toshe hanyar. A irin wannan aiki ba a yanka shi sai da jagora, ko ƙaramin mayankin nan ko katako mai rami.

Tsakanin siririn tiyo da PVC akwai bututun PEX da PPR, wasu nau'o'in bututun roba na ruwan gida, masu kauri amma masu jure lanƙwasa, kuma su ne aka yi almakashin bututu dominsu. Sunan ne kawai almakashi, domin baki ɗaya ne mai kaifi, ɗaya gefen kuma makwanci ne mai lanƙwasa, ana matsa shi daki-daki, kuma wanda aka fi samu yana ɗaukar bututu har milimita 42. Dabarar da ke hana shi lotsa bututu ita ce, a matsin farko ka ɗan juya bututun ko almakashin kaɗan yayin da kaifin yake shiga, don ya tsaga fatar da yanka kafin a fara danna shi da ƙarfi. A PPR miƙewar yankan tana da muhimmanci na musamman, saboda da wuta ake haɗa shi: ana ɗora bututu da mahaɗi a kan ƙarfe mai zafin digiri 260 a ma'aunin Selsiyas, bututu mai faɗin milimita 20 yana shiga zurfin milimita 14 na kimanin daƙiƙa 5. Idan bakin a karkace yake, dogon gefen yakan kai ƙarshen ƙarfen da wuri ya narke fiye da kima, sai ya naɗe ciki ya rage ramin da ruwa zai bi, kuma babu mai ganin wannan daga waje sai dai a ga ruwa ya yi rauni. Bututun da ke da alminiyam a tsakiyar bangonsa kuwa ba ya komawa da'ira da kansa bayan yanka, dole sai an zura masa abin daidaita baki an juya, wanda yake mayar da shi da'ira ya kuma fere gefensa na ciki.

Yanzu sai PVC, inda ka ce wani ya tsage. Tsagewa a wurin yanka tana da dalilai sanannu. Bututun da ya daɗe a rana fatarsa takan rasa juriya, haka wanda ya tsufa a cikin aiki, haka kuma kowane PVC idan sanyi ya yi tsanani. Irin wannan bututu idan aka matse shi da almakashin bututu, musamman mai dakusasshen baki, sai ya dare a tsaye maimakon ya yanku. Da zarto kuma, tsagewar tana zuwa ne a ƙarshen yanka, lokacin da ɗan abin da ya rage na bangon ya kasa ɗaukar nauyin guntun da ke rataye, sai ya ɓalle ya tafi da wani yanki na bakin. Shawarata ita ce almakashin bututu ya tsaya ga sabon PVC ƙarami a yanayi mai ɗumi, tsoho ko babba kuwa a sa masa zarto. Idan ka ga fari-fari a bakin yankan, alama ce ta cewa robar ta wahala a wurin. Idan kuwa tsaga ta bayyana, to ta wuce inda idonka ya tsaya, shi ya sa masu ƙera bututun CPVC, wani nau'in PVC mai jure ruwan zafi, suke umartar a yanke aƙalla milimita 50 gaba da ƙarshen tsagar da ake gani, kuma ni ina bin wannan ƙa'ida a kowane bututu mai tauri. Gam ba ya rufe tsaga, ɓoye ta kawai yake yi har ranar da matsin ruwa zai buɗe ta.

Zarton yanka ƙarfe ya dace da PVC, amma a duba haƙoransa. Ana samun masu haƙora 18 ko 24 ko 32 a kowane inci, kuma abin da ake so shi ne haƙora biyu zuwa uku su kasance a cikin kaurin bangon a kowane lokaci, don kada haƙori ɗaya ya maƙale a gefen bangon ya fizge shi. Mai haƙora 24 tazarar haƙoransa kusan milimita ɗaya ce, saboda haka ya dace da yawancin bututun gida, mai 32 kuma ya fi kyau ga bango siriri. Zarton katako mai manyan haƙora shi ne yake barin kaushin da ka gani. Ka ɗaure ruwan zarton, wato ƙarfen da ke ɗauke da haƙoran, ya yi tsam a jikin firam ɗinsa, domin sako-sakon ruwa yana lanƙwasa a cikin yanka ya bi inda ya ga dama, kuma shi ne babban dalilin karkacewa ko a hannun gwani.

Kafin zarto ya taɓa bututu, a zana layi da ya zagaye shi gaba ɗaya. Alama guda a sama ba ta isa ba, don ido ba ya iya riƙe miƙewa a kan abu mai da'ira. Ka ɗauki takarda mai gefe a miƙe, ka naɗe ta a jikin bututun har ta zagayo ta hau kanta, ka daidaita gefenta ya hau kan gefenta daidai, sannan ka bi gefen da fensir. Muddin gefen ya hau kansa ba tare da zamewa ba, layin nan a miƙe yake. Daga nan sai a tallafe bututun ta ɓangarorin biyu na wurin yankan, a cikin akwatin yanka irin na kafintoci ko a kan katako biyu da aka haɗa suka yi kwari. Idan za ka sa shi a abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, ka naɗe shi da ƙyalle, ka matse iya abin da zai hana shi juyawa kawai. Ka fara da ja baya sau biyu ko uku don a samu ɗan gurbi, sannan ka ci gaba da dogon zuwa da dawowa ba tare da danne zarton ba, nauyinsa da na hannunka sun isa. A babban bututu na fi son in yi gurbi mara zurfi a kan layin ina juya bututun har in zagayo, sannan in zurfafa, domin gurbin yana riƙe zarton a hanya. Idan ka kusa ƙarewa ka rage sauri, ka tallafi guntun da zai faɗi da ɗaya hannun, ka bar zarton ya gama aikinsa, kada ka karya ragowar da hannu.

Game da injin gurza ƙarfe da wuƙar da aka ɗora a wuta, ina hana su kai tsaye. Roba ba ta watsa zafi, ƙarfe ya fi PVC saurin watsa shi sau ɗari biyu da ɗoriya, don haka duk zafin da gogayya ta haifar yana taruwa a bakin yankan, PVC kuwa yana fara laushi tun a wajen digiri 80. Sakamakon shi ne baki mai narkakken leɓe da ya daskare a karkace. Idan ya kai ga ƙonewa yana fitar da hayaƙi mai ɗauke da iskar haidirojin kulorayid, wadda take ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Wanda yake da yanka da yawa ya nemi zarton inji mai ƙananan haƙora masu yawa, ya ɗaure bututun da kyau, ya sauke zarton a hankali, ya kuma sa gilashin kare ido domin PVC yana tartsatsin ɓarɓashi masu kaifi. Akwai kuma mayanki mai ɗan faifai da ake zagayawa da shi a jikin bututu, wanda yake ba da yanka mafi miƙewa ba tare da gari ba, amma sai an sa masa faifan da aka yi domin roba, wanda ya fi na jan ƙarfe siranta, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. Yana barin ɗan tudu a gefen baki da dole a kankare.

Yanka bai ƙare ba sai an gyara bakin, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Gezar da ke ciki a kankare ta da abin kankare baki, ko da wuƙa a kwance, ko da samfefa da aka naɗe a yatsa, domin idan aka bar ta tana kama gashi da datti a bututun ruwan wanka, a na ruwan sha kuma takan ɓalle ta je ta toshe bawul ko kan famfo. Gefen waje kuma a fere shi da magagari mai laushi, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15, faɗin milimita biyu zuwa uku, ya zagaye bakin daidai. Amfanin wannan yana fitowa ne idan ka san yadda gam ɗin PVC yake aiki. Narkar da fatar bututun da ta mahaɗin yake yi, su cakuɗe su daskare su zama jiki ɗaya. Baki mai kaifi idan aka tura shi yana kankare gam ɗin daga bangon mahaɗin ya tura shi gaba ya tara shi a ciki, sai a bar wani wuri a bushe, shi kuwa ferarren baki hawa yake yi a kan gam ɗin ya shimfiɗa shi. Sannan ramin mahaɗin PVC yana tsukewa ne kaɗan-kaɗan zuwa ciki, shi ya sa idan ka gwada bututu a bushe yake shiga sulusi zuwa sulusi biyu na zurfin ya tsaya, kuma mafi ƙarfin haɗin yana can ƙasa inda aka fi matsuwa. Karkataccen baki a daidai wannan wuri yake yin giɓi. A bututu mai faɗin milimita 110, karkata ta digiri 5 kacal, wadda ido ba ya cika lura da ita, tana barin gefe ɗaya ya gaza kaiwa ƙasa da kusan milimita 10. A bututun da ake haɗawa da zoben roba ferewar ta ma fi zama dole, don kaifin baki yana ture zoben daga gurbinsa. Amma ka lura, siririn tiyon matatarka ba ya buƙatar a goge jikinsa da samfefa ko kaɗan, domin gogewar karce ce a daidai inda zoben zai zauna.

Idan wata rana aiki ya haɗa ka da bututu mai tauri da ake gani ta cikinsa kamar gilashi, ka tambayi irinsa. PETG yana yankuwa ba tare da rigima ba, akirilik kuwa ba ya jure matsi sam, sai zarto mai haƙora 32 a hankali, a naɗe wurin da tef don kada ya karce, a gyara bakin da samfefa mai laushi da aka shimfiɗa a kan abu mai faɗi. Kada a goge akirilik da sifirit, domin yana sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage, musamman a bakin da aka yanka.

Bututun da yake manne da bango ko a cikin rami, inda zarto ba zai samu wurin motsi ba, ana iya yanka shi da igiyar nailan mai ƙarfi ko zarton waya, a zagaya ta bayansa a riƙa ja da hannu biyu. Da zafin gogayya take yanka, don haka bakin yana buƙatar gyara sosai bayan nan, kuma a zana layin tukuna don a ga inda igiyar take bi. A rufe ruwa a zubar da na ciki kafin a fara, idan kuma bututun wayar lantarki ne a tabbatar babu waya a cikinsa.

Ga yadda za ka gane ko yankanka ya yi. Ka tsayar da bakin a kan gilashi ko tebur mai santsi, idan bututun ya tsaya a miƙe kuma haske ba ya ratsawa ta ƙarƙashinsa, to ya daidaita. Ka leƙa bakin ka ga ko da'ira ce, ka zagaya shi da yatsa ciki da waje, ka kuma shafa farce a jikin santimita uku na ƙarshe, duk karcen da farce ya ji zobe ma zai ji shi. Wajen awo ka tuna cewa tsawon da kake buƙata ya haɗa da zurfin mahaɗi a kowane gefe, kuma zarto yana cin kimanin milimita ɗaya, don haka ka yanka a gefen layin da za a yar.

A aikin da ke gabanka, ka zare kowane tiyo na matatar da aka yanka da almakashi, ka tabbatar girmansa ya dace da mahaɗin, ka yanke santimita biyu zuwa uku daga bakinsa da sabuwar reza a jikin katako mai rami, sannan ka haska cikin mahaɗin ka duba zoben roban, wanda ya yage ko ya fita daga gurbinsa a canza mahaɗin. Haɗin PVC da aka riga aka sa wa gam a kan tsagaggen baki ba ya gyaruwa, sai a yanke shi a sa sabon mahaɗi da guntun bututu. Bayan gam ya bushe na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa, ka cika layin da ruwa a hankali, ka fitar da iskar da ke ciki ta famfo mafi tsayi, ka bar shi a ƙarƙashin matsi, sannan ka bi kowane haɗi da busasshiyar takarda mai tsotse ruwa, domin tana nuna damshin da ido bai kai ga gani ba. Kada ka gwada bututun PVC da matsattsiyar iska, domin idan akwai tsagar da ta ɓuya, da ruwa ɗiga kawai zai yi, da iska kuwa fashewa yake yi ya watsa gutsattsari masu kaifi.